Layin C ya koma ja, ina abin share tarkacen da ke cikin kwamfutar yake?

Maman_Nusaiba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Don Allah taimako nake nema. Laftof ɗin da nake buga wa ɗalibaina tambayoyin jarrabawa a kanta ce, kwana uku ke nan duk sa'ad da na buɗe This PC sai in tarar layin da ke ƙarƙashin C ya yi ja wur, wai abin da ya rage bai kai giga ɗaya ba. Sai ƙorafi take ta turo mini a gefe cewa wuri ya ƙare. Yaron da ke mini gyara ya ce sai an sa mata wata manhaja ta wanke ta, in kawo kuɗin aiki. Wani malami abokin aikina kuma ya ce kada in biya ko sisi, ita Windows da nata abin sharar take zuwa, sai dai shi ma sunan ya ɓace masa. Windows 10 ce. A ina ake samun abin nan, kuma ba zai cinye mini takarduna ba? Jarrabawa saura mako biyu, duk aikina yana ciki.

Injiniya_Sabo:
Wa alaikumus salam Malama. Abokin aikinki gaskiya ya faɗa miki. Sunansa Disk Cleanup, kuma tun zamanin Windows 98 yake cikin kowace Windows har zuwa ta 11. Hanya mafi sauƙi: ki riƙe maɓallin nan mai hoton taga da ke ƙasa ta hagu, ki danna R tare da shi. Wata 'yar taga za ta fito, ki rubuta cleanmgr a ciki, ki danna Enter. In ta tambaye ki wane diski, ki bar shi a C. Za ta ɗan yi lissafi, sannan ta kawo miki jerin abubuwa, kowanne da girmansa a gefe.

Kada ki yi saurin danna OK a nan. Wannan jerin na farko ba shi da auki, sau da yawa 'yan mega ɗari kaɗan ne. A ƙasa akwai maɓalli mai hoton garkuwa, an rubuta Clean up system files. Shi za ki danna, ta sake lissafi, a nan manyan kayan suke. In ya buɗe ki karanto mana abin da kika gani da girman kowanne kafin ki goge komai.

Auwal_Gwammaja:
Ko kuma kawai ki danna Start ki fara rubuta disk, zai fito da kansa. Ni haka nake yi, ba na iya riƙe sunan nan cleanmgr a ka.

Ɗan_Damagaram:
Sallama daga Zinder. Mu nan yawancin injinanmu da Faransanci suke zuwa, saboda haka wanda ya rubuta Disk Cleanup zai iya shan wahalar nema. A wurinmu sunansa Nettoyage de disque, maɓallin da Injiniya ya ambata kuma Nettoyer les fichiers système. Shi ya sa ni na fi son hanyar Injiniya a kan ta Auwal, don cleanmgr ɗin nan ko da wane harshe injin yake magana haka ake rubuta shi. Na taɓa gwada shi a injin wani ɗan uwa da ya dawo daga karatu, komai nasa da Larabci, ban iya karanta ko layi ɗaya ba amma abin ya buɗe.

Abu_Fadila:
Malama, kafin komai, ki duba jerin nan da idon basira ko akwai layin da aka rubuta Downloads. In akwai, ki tabbata babu alama a akwatinsa. Ni abin ya taɓa cina. Na saba in sa wa duk akwatunan alama daga sama har ƙasa ba tare da na karanta ba, shekara da shekaru haka nake yi ban ga komai ba. Ran nan na yi yadda na saba, washegari na nemi takardun da aka turo mini na wani aikin gini, da rasit-rasit, da littattafan da na sha wahalar saukewa da data ta, babu ko ɗaya. Kuma abin da wannan hanyar ta goge ba ya biya ta kwandon shara balle ka ce ka je ka ɗauko. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Injiniya_Sabo:
Allah ya mayar da alheri Abu Fadila. Ba kai kaɗai abin ya samu ba. A sabuntawar Oktoban 2018, wadda ake kira 1809, aka ƙara foldar Downloads cikin jerin, mutane da yawa da suka saba sa alama a jere suka faɗa ramin. Daga baya, a sabuntawar 2020 mai lamba 2004, an cire ta daga Disk Cleanup. Amma har yanzu tana nan in ka bi ta Settings, System, Storage, Temporary files. Ba a sa mata alama tun asali, sai in kai ka sa da hannunka.

Wani abu da ke rikita mutane: akwai layin da ake kira Downloaded Program Files. Wannan ba shi ne Downloads ɗinka ba, wasu tsofaffin 'yan tarkace ne da shafukan intanet na da suke saukewa, yanzu kusan kullum sifili za ka gani a gabansa. Goge shi ba ya taɓa komai naka.

Hajiya_Sakatariya:
Tun da an zo maganar asara bari in ƙara nawa. Ku kula da Recycle Bin ma. Za ku ce ai kwandon shara ne, abin da ke ciki an riga an zubar. To ba kowa ne ya ɗauke shi haka ba. Na yi aiki da wani maigida, dattijo mai kirki, ashe shi duk wasiƙar da ya gama da ita amma yake ganin wata rana zai neme ta, can yake jefa ta, don ya lura in ya buɗe yana samunta. Ma'ajiya ya mayar da wurin. Ranar da ya ce in duba masa kwamfutar tana nauyi, na share har da kwandon, wasiƙun kusan shekara biyu suka tafi. Bai yi mini faɗa ba, amma na kwana uku ban ji daɗin abinci ba. Tun daga nan kwamfutar da ba tawa ba ba na taɓa kwandonta sai na buɗe na nuna wa mai ita abin da ke ciki.

Maman_Nusaiba:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda Injiniya ya ce, ya buɗe. Ban ga Downloads ba a nawa. Ga abin da na gani bayan na danna mai garkuwar: Windows Update Cleanup giga 2 da wani abu, Delivery Optimization Files mega ɗari huɗu, Temporary files mega ɗari takwas, Thumbnails kaɗan ne, Recycle Bin na buɗe na duba kamar yadda Hajiya ta ce, ba abin kirki a ciki. Sai wani da aka rubuta Previous Windows installation(s), shi kaɗai giga 31. In sa masa alama? Hannuna har rawa yake don ɗoki.

Usman_Beirut_Road:
Tsaya tukuna Malama, kada ki danna. An yi wa laftof ɗin wani aiki ne a kwanakin nan? An sake mata Windows?

Maman_Nusaiba:
E, yau kwana shida. Ta ƙi tashi ne, sai ta kawo shuɗin allo ta tsaya. Yaron ya ce ya sake mata Windows, ya dawo mini da takarduna a kan allo yadda suke.

Usman_Beirut_Road:
To ga bakin zaren nan. Wannan sana'ata ce, kullum muna ganin irinsa a shago. In aka ɗora sabuwar Windows a kan tsohuwa ba tare da an yi wa diskin fomat ba, tsohuwar ba ta tafi ko'ina ba. Ana tattara ta ne gaba ɗaya a zuba a wata folda mai suna Windows.old a cikin C, har da duk abin da yake naki: hotuna, bidiyo, takardu, abin da kika sauke. Giga 31 ɗin nan da kike gani ita ce. Abin da nake zato, yaron ya kwafo miki Desktop da Documents daga can ya dawo miki da su, sauran ya bar su a inda suke. Kin ga wasu kayan sun zama biyu-biyu, shi ya sa wuri ya cika rana ɗaya.

Ki buɗe C, ki shiga Windows.old, ki shiga Users, ki shiga foldar da ke ɗauke da sunan da kike shiga kwamfutar da shi a da. Ki duba Pictures, Videos, Downloads, Music, ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da kike so ki kwashe shi zuwa filash ko wani diski na waje, tun da C ɗin babu wurin da zai ɗauka. Kuma yau za ki yi, ba gobe ba, don Windows kan share foldar nan da kanta bayan kwana 10. Kin ci shida.

Abban_Khalil:
Kai, Allah ya yi maka albarka Usman. Da ba ka yi wannan tambayar ba da yanzu wani zance ake yi.

Injiniya_Sabo:
Usman ya riga ni, kuma ya fi ni gani, ni hankalina bai kawo an sake Windows ɗin ba. Abin da zan ƙara kawai, ga wanda nasa Windows.old ɗin ya fito ne ta hanyar sabuntawa, misali ya tashi daga 10 zuwa 11: shi kayansa suna nan a mazauninsu, amfanin foldar a wurinsa shi ne in sabuwar ba ta yi masa ba zai iya komawa tsohuwar cikin kwana 10 ɗin nan. Da ka goge ta, ƙofar komawa ta rufe. In ka ga komai yana aiki lafiya, firinta tana bugawa, sauti yana fita, to ka goge abinka.

Sadiq_Tech01:
Duk wannan doguwar hanya ce wallahi. Windows da R, ka rubuta %temp%, ka zaɓi duka ka goge. Ka sake rubuta prefetch, shi ma ka goge duka. Minti biyu kwamfuta ta koma sabuwa fil. Ni duk sati nake yi.

Usman_Beirut_Road:
Ƙanina, rabin maganarka daidai ne. %temp% ba laifi, shi ne kusan abin da layin Temporary files yake sharewa, in wani fayil ya ƙi goguwa yana cikin aiki ne, ka tsallake shi. Amma prefetch ka daina. Ba shara ba ce. Windows tana rubuta yadda kowace manhaja take tashi ne a wurin, don gobe ta buɗe maka ita da sauri. In ka goge sai ta sake koyo daga farko, ka ga ka jawo wa kanka jinkiri ke nan, kuma wurin da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Sannan matsalar Malama giga 31 ce a Windows.old, ko sau ɗari ta goge temp layin nan ba zai bar ja ba.

Sadiq_Tech01:
To ai ni ina ganin bambanci in na yi, Yaya Usman.

Mai_Kafe_Zariya:
Ni ma ina bayan Sadiq a kan maganar sauri. Kwamfuta shida ne a shagona, yara suna zuwa rajistar jarrabawa da buga takardu, kowa ya sauke abinsa ya tafi ya bari. Duk ƙarshen wata in na share su sai ka ji sun saki jiki.

Injiniya_Sabo:
Mai Kafe, naka da na Sadiq ba ɗaya ba ne. In diski ya cika maƙil, lalle kwamfuta za ta yi nauyi, domin Windows tana aron wani yanki na diskin ta yi amfani da shi in RAM, wato ƙwaƙwalwar da take riƙe aikin da ke buɗe a ciki, ya cika, kuma tana buƙatar filin da za ta shimfiɗa kayan aikinta na wucin gadi. A wannan halin in ka buɗe mata wuri za ka ga canji a take. Amma wanda yake da giga ɗari a buɗe, ya goge mega ɗari biyar, babu abin da ya ƙaru a saurin kwamfutarsa. Sau da yawa abin da mutum yake ji ya canza, sake kunna ta ɗin da ya yi bayan sharar ne ya kawo shi.

Na damu da wannan maganar ne don da ita ake cin kuɗin mutane. A ce maka kwamfutarka datti ne ya yi mata yawa, kawo kaza a wanke. Alhali mafi yawan tsofaffin laftof ɗin da ke hannun jama'a abu biyu ne ke damunsu: tsohon diski mai juyawa, da RAM giga 4. Wanda ya cire diskin nan ya sa SSD, wato sabon nau'in diski marar juyawa, shi zai ga sauri na gaske. In kuma babu halin haka, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Startup, ka kashe manhajojin da suke tashi tare da kwamfutar ba da izininka ba. Wannan ya fi shara tasiri a kan saurin tashi nesa ba kusa ba.

Mai_Kafe_Zariya:
Na yarda da batun SSD, biyu daga cikin nawa na sa musu, ba a haɗa su da sauran. Amma sharar ƙarshen wata dai ba zan bari ba.

Baba_Malam_Tsoho:
Yaran nan ku riƙa sassauta mana Turancin. Ni tawa Windows 7 ce, jikana ya bar mini, ina karanta littattafai a kai. Abin nan yana cikinta ko sai sababbi?

Injiniya_Sabo:
Yana ciki Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ka riƙe maɓalli mai hoton taga, ka danna R, ka rubuta haruffan nan takwas: c l e a n m g r, ka danna babban maɓallin Enter. Abin da zai fito jeri ne na shara iri-iri. In ba ka gane wani layi ba, ka taɓa shi sau ɗaya, bayaninsa zai fito a ƙasa, ko ka rubuto mana sunansa mu faɗa maka. In kuma littattafai kawai kake karantawa kuma layin C ɗin bai yi ja ba, ba dole ne ka taɓa komai ba.

Nura_CC:
Ni fa ban ga abin da ya kai CCleaner ba. Shekara nawa ina amfani da ita, danna ɗaya ta share burauza, ta share temp, ta gyara rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows. Na cikin Windows ɗin nan ba ya taɓa tarkacen Chrome.

Ummu_Aiman:
Gaskiya ne ba ya share na Chrome, amma Chrome ɗin ai tana da nata: ka danna Ctrl da Shift da Delete a cikinta, ka zaɓi hotuna da fayilolin da ta adana, shi ke nan. Ni abin da ya sa na fi natsuwa da wanda ya zo da kwamfutar, ba sai na sauko da komai ba. Ka tuna a 2017 masu kutse sun cusa mugun abu a cikin CCleaner ɗin kanta, fitowa ta 5.33, mutum sama da miliyan biyu suka sauke ta a haka, kuma daga hannun kamfanin suka sauke ba daga wani lungu ba. To ina ga wanda aka tura masa tasa ta filash a kasuwa, an ce an fasa ta ta zama kyauta? Batun gyaran rajista kuwa, Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan amfani da irin waɗannan manhajojin.

Nura_CC:
Wancan ai an gyara shi tun a lokacin, Anti. Babu kamfanin da ba a taɓa kutsa wa ba.

Ummu_Aiman:
Ban musa ba, ban kuma ce ka cire taka ba. Amma Malama da ta yi tambaya ba ta buƙatarta. Abin da na fi jin tsoro ma ba ita ba ce, irin tallan nan ne da ke faɗo wa mutum yana cikin karatu a intanet, ja da rawaya, wai an gano matsala dubu a kwamfutarka danna nan. Shafin intanet ba shi da hanyar da zai binciki diskinka haka kawai. Ƙanwata ta danna irinsa, sai da aka sake mata Windows.

Garba_Maiwalda:
Ku ba ni dama in koma kan Windows Update Cleanup da Malama ta ambata. Wannan layin yana da jan rai. Wani lokaci sai ka ga koren layin ya tsaya wuri ɗaya rabin awa ko fiye, ka ɗauka ya maƙale. Bai maƙale ba. Kuma in ka sake kunna kwamfutar tana iya tsayawa a allo tana cewa tana shara, kada a kashe ta. Ni batirin tawa ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta take mutuwa. Na fara wannan aikin da yamma, ana tsakiya aka ɗauke. Allah ya taimake ni ta tashi, amma sai da ta daɗe tana juyi a baƙin allo, na riga na sallama. Wanda batirinsa ba ya riƙe caji ya bari sai ya tada janareta ko ya je inda akwai sola.

Hamza_BUK:
Akwai wani wurin ma da giga ke ɓuya, hiberfil.sys. Ka buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, nan take za ka samu giga da dama, gwargwadon girman RAM ɗinka.

Garba_Maiwalda:
Hamza, wannan shawarar ta wanda wuta ba ta yanke masa ce. Fayil ɗin nan shi ne inda laftof take juye duk aikin da ka buɗe in batir ya zo gargara, ta kwanta, in wuta ta dawo ka tarar da komai yadda ka bari. Malama tana buga tambayoyin jarrabawa, ka ce ta kashe shi? Ga wanda batirinsa ke aiki, wannan gata ne.

Hamza_BUK:
Haka ne kuma. Ni tawa giga 64 ce gaba ɗaya, dole ce ta sa. Da /h on ake mayar da shi in mutum ya canza shawara.

Zainab_Abuja:
Ba wanda ya yi maganar Storage Sense sosai, alhali ita Microsoft can take tura mutane. Tun 2017 aka kawo shi, a 2018 kuma suka ce Disk Cleanup ya zama tsohon yayi duk da ba su cire shi ba. Settings, System, Storage, ka kunna shi, ka zaɓa ko kullum, ko duk mako, ko duk wata, ko sai wuri ya yi ƙaranci. Shi zai riƙa share temp da abin da ya kwana 30 a kwando ba tare da ka tuna ba. Kuma a wannan shafin ne za ka ga ainihin abin da ya cinye maka diski, kaza manhajoji, kaza bidiyo, kaza takardu. Mutane da yawa suna zargin tarkace, in suka duba sai su ga finafinai ne da bidiyon biki.

Hajiya_Sakatariya:
Zainab, wannan fa da tsohon maigidana ne aka kunna wa, da wasiƙunsa sun riƙa tafiya duk wata ba wanda ya sani.

Zainab_Abuja:
Wallahi kuwa Hajiya. Ana iya mayar da na kwandon zuwa Never. Na Downloads shi dama a Never yake zuwa, a bar shi a haka.

Ɗan_Damagaram:
Ƙarin abu ɗaya kan Storage Sense, mu Assistant Stockage muke gani. In kana da OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, akwai wurin da yake cewa fayil ɗin da ka daɗe ba ka buɗe ba zai cire shi daga injin ya bar shi a intanet kawai. Sunan fayil ɗin yana nan kana ganinsa, da ɗan hoton gajimare a gefe, amma ranar da ba ka da data ko ka je ƙauye babu rezo, ka danna ba zai buɗe ba. Ga wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa dabara ce mai kyau. Mu da muke sayen data kaɗan-kaɗan, gara a duba wannan wurin a sa shi yadda ba zai taɓa ba.

Fati_Kumasi:
Masu MacBook fa? Ko mu ba 'yan gida ba ne?

Zainab_Abuja:
Ku ma kuna da naku Fati. Ki danna tambarin tuffa, System Settings, General, Storage. Zai nuna miki abin da ya cika ta da shawarwari, har da wanda zai riƙa zubar da abin da ya kwana 30 a kwando. In tsohuwa ce, About This Mac za ki shiga, sannan Storage, sannan Manage.

Auwal_Gwammaja:
Mun yi nisa fa, Malama shiru. Allah ya sa lafiya.

Maman_Nusaiba:
Ina nan, wallahi aiki ne ya riƙe ni. Malam Usman, Allah ya biya ka, ya jiƙan magabata. Na shiga Windows.old yadda ka ce. Hotunan sunan Nusaiba suna ciki, da na mahaifiyata Allah ya jiƙanta, waɗanda babu su a ko'ina sai nan, wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da ɓata. Na zauna ina kallonsu na kasa ci gaba. A Downloads ɗin tsohuwar kuma na samu sakamakon ɗalibai na zangon da ya wuce. Ni duk kwanakin nan ban ma lura ba sa cikin sabuwar ba, tun da takardun da nake buɗewa kullum suna kan allo. Na aro filash biyu na kwashe. Akwai finafinan da yara suka zuba, sun kai giga goma, su na bar su.

Bayan nan na koma cleanmgr na sa wa Previous Windows alama tare da sauran, ta yi mini gargaɗi na ce e. Na jona caji kamar yadda Malam Garba ya ce, ya ɗauki kusan minti arba'in. Yanzu giga 35 ne a buɗe, layin ya koma shuɗi.

Usman_Beirut_Road:
Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Hotunan nan kada ki bar su a filash ɗin aro, kuma kada ki bar su wuri ɗaya tak. Ki dawo da su kwamfutar yanzu da akwai wuri, ki kuma sayi filash naki ki ajiye kwafi a gida. Yaron kuma kada ki riƙe shi a rai, da ya yi fomat da babu abin da za ki tarar. Kuskurensa bai faɗa miki inda sauran kayan suke ba.

Abu_Fadila:
Amin. Na ji daɗi da naki bai zama irin nawa ba.

Sadiq_Tech01:
Allah ya jiƙanta. Yaya Usman, na duba nawa C ɗin yanzu, akwai wata folda WinSxS a cikin Windows, na ga ta kai giga tara. Ita ma za a iya gogewa?

Usman_Beirut_Road:
Kul! Kada ka kusance ta da hannu, in ka goge ta Windows ba za ta sake tashi daidai ba. Girman da kake gani ma ba duka ne na gaske ba, wasu fayilolin sau biyu ake ƙirga su. Layin Windows Update Cleanup ɗin nan shi ne yake rage ta ta hanyar da ba za ta lalace ba.

Baba_Malam_Tsoho:
Na rubuta haruffan, ya buɗe. Amma ni ban ga wannan Windows Update ɗin da kuke ta faɗa ba a nawa jerin.

Injiniya_Sabo:
Baba ka danna maɓalli mai garkuwar tukuna. In ka danna kuma bai fito ba, to taka ba ta samu wata sabuntawa da aka fitar wa Windows 7 a 2013 ba ne, ita ta kawo wannan layin. Ka faɗa mini layin C ɗinka shuɗi ne ko ja, da giga nawa aka rubuta ya rage a ƙarƙashinsa.